Macijin Kwali

Ranar Lahadi a Jabalfur, bayan ruwa ya ɗauke,
na ɗauko farar rigar da nake ajiyewa don biki.
Nidhi ta riƙe hannuna muka nufi dogon benen nan
mai matakalar da ke tafiya da kanta.
Rufi ɗari shida, tikiti biyu.
Na lissafa garin alkamar da zai saya, na haɗiye yawu.

Wata shida ana buga gangar fim ɗin nan,
a jikin bas, a bangon tasha, a wayar mai shayi:
wai za su ta da macijin da ke barci ƙarƙashin kogi,
mai kai bakwai, da ɗan maharbin da ya je roƙonsa ruwa.
Ni kuwa a cinyar kakata Fulmati na sha labarin,
tana tsince tsakuwa daga shinkafa.
In ta zo wurin da maciji ke buɗe ido
sai ta yi shiru,
shirun ne ke hana ni fita fitsari da dare.

Shekara talatin da ɗaya ni ke haɗa wa unguwa macijin wasa:
gora, tsohuwar jarida, kunun gari, koren fenti.
Yara bakwai ke shiga cikinsa, ƙafafunsu a waje,
duk da haka mata kan rufe wa jarirai fuska.

Aka kashe fitilu. Gabana ya faɗi kamar na ango.

Sai ƙara. Sai wata ƙarar a kan ta farko.
Maharbin ya fito, ƙirji kamar ƙofar shago,
gashi ya sha mai, baki irin na masu dakon tasha.
Yaron da na sani siriri ne, yana jin tsoro,
tsoron ne ma ya sa muka so shi.
Wannan ko ƙiftawa ba ya yi.

Macijin ya taso. An ce kuɗinsa zai gina gada.
Ɓawo dubu, haƙori dubu, shuɗiyar wuta,
na leƙa idonsa, babu kowa a ciki.
Bai yi wa yaron tambayar nan uku ba,
an ba shi ruri kawai, kamar jirgin kaya.
Ana tsakiyar fari, gari na mutuwa da ƙishi,
sai ga su a kan dusar ƙanƙara suna rawa.

Uwar fa? Kwana arba'in ta yi a bakin kogi,
kakata kan ƙirga su da ƙwayar wake.
Minti biyu suka ba ta, da hawayen da bai ɓata kwalli ba.

Fankam fayau.
Na bayana yana cinikin fili a waya,
na gefena ya yi minshari har aka kunna fitilu.
Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

A hanya na cika fam, ina shirin zuba,
sai Nidhi ta ce, “Kaka, ka ga yadda ya tofa wuta?”
Idonta na walƙiya. Na mai da maganata ciki.
Na saya mata gasasshiyar masara da lemon tsami,
muka tsaya kallon Narmada ta kawo jan ruwa.

Da dare wuta ta ɗauke, kamar kullum.
Na kunna aci-balbal, na haɗa yatsu a jikin bango,
na fara daga farko, yadda aka ba ni.
Da na zo wurin buɗe ido, na yi shiru.

Ta matso. Ta kama gefen rigata.
Can ta ce, a hankali, “Na fim ɗin ya fi girma.”
Na ce, ya fi.
Ba ta saki rigar ba.